Ruwan Bayan Gonar Asher

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa in daina jan aji in karɓi bawan Allahn nan, yau ku gyara zama ku ji abin da ban gaya muku ba. Wata har cewa ta yi karatu ya cinye min zuciya. Ban ji haushi ba. Mama ma haka take faɗa, ita kuma a gaban idona take faɗa, tana tankaɗe gari.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Afiniki. Gidanmu yana Kafanchan, ta bayan tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, inda Babanmu ya yi aiki har Ubangiji ya kira shi. Daga ni sai Mama a gidan yanzu. Ina digiri na biyu a kan ƙwayoyin cuta, a hannun wata malama da muke kira Dakta Yemima. Mutumin da ake so in aura kuma sunansa Asher, yana da gonar kaji a hanyar Kagoro. Dogo ne, baƙi, mai 'yar wushirya, ba ya ɗaga murya ko da mai acaba ya goge masa mota. In kun gan shi ranar Lahadi cikin farar riga da ta sha guga, ku ma za ku ce me yarinyar nan take jira.

Dole in ɗan buɗe muku aikina, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya tsaya min a wuya ba. Akwai wata allura da ake kira jentamaisin, a kemis sai ku ji ana cewa janta. Ana yi wa mutane ita, masu kaji kuma suna zuba irinta a ruwan sha. To wasu ƙwayoyin cuta sun koyi yadda za su ci galabarta. Suna ƙera wani ɗan sinadari, mu muna ce masa enzayim, wanda yake kama maganin ya manna masa wani ɗan abu a jiki. Kamar a liƙa wa ɗan makulli cingam ne, yana nan a matsayinsa na makulli amma ba zai ƙara shiga kwaɗo ba. Umarnin ƙera wannan sinadarin yana rubuce a cikin ƙwayar gadon cutar. Aikina shi ne in nemo wannan guntun umarnin, in yanko shi, in buga kwafinsa da yawa a na'ura, in saka shi cikin wasu ƙwayoyi marasa lahani da muke kiwo a ɗakin bincike, waɗanda janta take kashewa nan take. In na shafa su a faranti mai janta suka rayu, to na kama ɓarawon.

A farkon damina na yi yawon ɗebo ruwa. Ni da mai acaba da kula cike da ƙananan kwalabe, ƙafata cikin takalmin roba har gwiwa. Na ɗebo a kwatoci, na ɗebo a bayan mayanka, na ɗebo a rafuka. Ban shiga gonar kowa ba, inda ruwa ya fito ya zama na kowa nake tsayawa. Wuri ɗaya ya fi ko'ina wari, wani ɗan rafi a bayan dogayen ɗakuna masu rufin kwano shuɗi, da wani tsohon mangwaro da ya karkato kan ruwan. Ina sunkuye na ji kamar ana kallona. Da na ɗago sai na hango wani mutum a tsallake da malafa, fuskarsa a inuwa. Na ɗaga masa hannu, bai amsa ba. Na rufe kwalbata na tafi, na manta da shi.

Ba a jima ba Anti Faustina ta zo cocinmu da baƙo. Anti ƙanwar Mama ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana da babban shagon abincin kaji da magungunan dabbobi a kasuwar Kafanchan. Ita ta goye ni ina jaririya, ita take min kitso har na shiga jami'a, don haka in ta ce ga mutumin kirki ba na tambaya. Bayan sujada ta jawo ni ta gefen gyale ta ce in gaisa da ɗan'uwa Asher, wai kwastomanta ne, wai irinsa sun yi ƙaranci. Kafin mu iso gida ya riga ya turo saƙo yana cewa ya ji daɗin ganina.

Daga nan kun san sauran. Kiret ɗin ƙwai, kaji a gyare cikin kula, wata rana ya zo da kafinta aka toshe inda ɗakin Mama yake yoyo. Ya durƙusa har ƙasa in zai gaishe ta. Mama ta fara kiransa ɗana. A zumuntar mata ta daina ba da sunana a yi min addu'ar miji, ta koma ba da shaidar godiya.

Ni kuwa abin da ya fara jan hankalina shi ne tambayoyinsa. Samarin da na sani a baya, da na ce ƙwayoyin cuta sai su ce Allah ya kiyaye su canja hira. Shi ko kullum da rana sai wayata ta yi ƙara.

“Barka da rana Malama. Yaya 'ya'yanki na cikin faranti, sun ci abinci?”

Nakan yi dariya ni kaɗai. Ba zan ɓoye muku ba, ya shiga raina ta wannan ƙofar. Amma sannu a hankali tambayoyin suka fara canja kama. Waɗanne ne suka fi taurin kai, na cikin gari ko na bayan gari? In an gama, wa ake kai wa sakamakon? Gwamnati tana gani? Sai wata rana ya turo wannan.

“In za ku rubuta, sunan wuraren kuke sawa ko lambar da ke jikin kwalba kawai?”

Na daɗe ina kallon saƙon. Ban taɓa gaya masa cewa lamba muke sa wa kwalabe ba.

Na nuna wa Raliya, abokiyar aikina. Teburinmu ɗaya, firizarmu ɗaya, in ta je salla ni nake tsare mata na'ura, in na je coci ita take duba min farantai. Tun farko tana bayan Asher, tana cewa namijin da zai tambayi aikinki ba a samunsa a kasuwa. Amma da ta karanta wannan sai ta miƙo min wayar, ta ci gaba da sa safar hannu.

Cikin makon ya ce zai sa mana sola a ɗakin bincike, tunda na taɓa yi masa kukan cewa in an ɗauke wuta hankalina yana kan firiza. Ya ce shi da kansa zai zo ya ga wurin, ya ga inda ake ajiye kwalaben, don ya san girman batirin da za a saya. Na kai maganar ga Dakta Yemima ina murna rabi, ina tsoro rabi. Ta tambaye ni sana'arsa. Na ce kaji. Ta tambaye ni a ina. Da na ce hanyar Kagoro sai ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ta ce in yi masa godiya da kyau, amma ba za mu karɓi kyauta daga mai gona ba muna tsakiyar binciken ruwan gonaki, kuma baƙo ba ya wuce ƙofar waje.

Da na gaya masa, cewa ya yi ba komai, ya fahimta. Ya sa alamar murmushi har biyu.

Abin da ban gane ba shi ne, duk yawon da muke yi bai taɓa kai ni gonarsa ba. Ya kai ni gindin dutsen Kagoro mun sha iska, mun ci gasasshiyar masara ana yayyafi, amma da muka zo mararrabar da ya ce ta nan gonar take sai ya ƙara wuta. In na tambaya sai ya ce wurin yana wari, bai dace da ni ba. Ni da nake wuni da ruwan kwata. In na tambayi mahaifinsa kuma, tunda mahaifiyarsa ta rasu, sai ya ce tsohon yana hutawa, za mu je in lokaci ya yi.

Ranar wata Asabar ina kwance ina duba hotunan da mutane suka ɗora, sai ga nasa. Ya ɗauki sababbin 'yan tsaki, ya rubuta godiya ga Ubangiji. Ban kalli tsakin ba. Ta tagar da ke bayansu na hango rufin kwano shuɗi, da reshen mangwaro ya karkato. Na buɗe hoton da yatsu biyu har ya dushe. Na tashi zaune. Mutumin nan mai malafa ya dawo min, tsayinsa, yadda ya riƙe ƙugu da hannu ɗaya. Haka Asher yake tsayawa in yana jirana a ƙofar gida.

Ban tunkare shi ba. Na ci gaba da amsa saƙonninsa da yawwa da amin, ina jiran farantaina su yi magana. Domin kwalbar wannan rafin ita ce wadda nake aiki a kanta. A cikin duk abin da na ɗebo, ƙwayoyinta ne suka fi raina janta. Na sha wahala a kansu ba kaɗan ba. Sau da yawa in yanko guntun, in saka, in shafa a faranti, washegari in tarar da shi wayam kamar an wanke. Wani lokacin wuta ce ta yanke na'ura tana tsakiyar aiki, wani lokacin ni ce hannuna ya yi rawa.

Ranar Laraba da safe na buɗe akwatin ɗumi ba tare da wani dogon fata ba. Na ɗaga farantin farko zuwa hasken taga. Ɗigo-ɗigo ne farare, kamar an yayyafa gero, sun cika shi. Ƙwayoyinmu na gida, waɗanda jiya janta take share su, yau suna zaune a kanta suna ƙiba. Na duba farantin da ban saka wa guntun ba, babu ko ɗaya. Na duba na uku, wanda na zuba wa wani maganin daban daga danginta mai suna amikasin, shi ma wayam. Wato sinadarin yana lalata janta amma bai iya taɓa wancan ba.

Raliya ta rungume ni da gwiwar hannu don safarta ba ta da tsabta. Dakta Yemima ta zo ta duba da kanta, ta ce a maimaita kafin a yi murna, amma na ga tana danne murmushi. Wata da watanni nake jiran wannan safiyar. Sai ga shi ina tsaye da farantin a hannu, abin da yake raina shi ne wushiryar Asher.

Da azahar saƙonsa ya shigo.

“Na ji yau an yi nasara. Ina taya ki murna, Malama. Na wane wuri ne ya fito?”

Mu uku ne a ɗakin nan. Na juya na kalli Raliya tana rubutu a jikin kwalba, kuma Allah ya gafarta min, na zarge ta. Na tuna ranar da ya kawo min abinci ƙofar waje ita ta karɓo, sun tsaya suna dariya. Na tambaye ta ko tana da lambarsa. Ta ɗago ta dube ni, ta ce ba ta da ita, ta ce in ina so ga wayarta. Kunya ta kama ni. Sai a lokacin na tuna cewa na kira Mama da safe na ce mata kada ta jira ni da abincin rana, aikina ya yi kyau yau. Amma Mama ko saƙo ba ta iya turawa sai na taya ta.

Da na koma gida na tarar tana dama gwaten acca a tsakar gida, da zanen zumunta ɗaure a ƙirji, rediyo yana waƙoƙin coci. Ko jakata ban ajiye ba ta sanar da ni cewa kawunnan Asher za su zo gaisuwa ranar Asabar. An riga an gaya wa Fasto, an gaya wa dangin Babanmu na Gidan Waya. Na ce wa ya tambaye ni. Ta ce wata nawa yaron yana zirga-zirga, ko sai ya tsufa a ƙofarmu. Na ce akwai abin da ban gane ba game da shi. Ta ajiye muciya.

“Afiniki, shaye-shaye yake yi?”

“A'a.”

“Yana da mata a ɓoye?”

“Ban sani ba, Mama. Ba wannan ba ne.”

“To mene ne? Ki faɗa min da bakin da zan gane.”

Yaya zan ce wa Mama ina zargin mutum saboda wani ɗigo a faranti? Na tambaye ta wa ta gaya wa maganar aikina yau. Ta ce ba kowa, Faustina ce kawai ta kira suka gaisa. Ta ci gaba da dama gwatenta tana cewa ita dai ba ta son ta bi Babanmu ba ta ga jikanta ba.

Washegari ban je makaranta ba. Na sa tsohon wandon jins da rigar ruwa, na ɗaure kaina da ɗankwali, na hau acaba zuwa hanyar Kagoro ban gaya wa kowa ba. Hazo ya rufe kan duwatsu, gonakin citta sun yi kore shar a gefen hanya. A mararrabar nan da yake ƙara wuta na ce mai acaba ya karya.

Ƙofar gonar a buɗe take. Kukan kaji ya cika ko'ina. A bakin wani ɗan sito na ga buhu cike da fankon fakitin magani, irin wanda ake zubawa a ruwan sha, wasu sun koɗe da rana, wasu kuwa launinsu bai ko dushe ba. Ledojin da aka cusa a gefe duk na shagon Anti Faustina ne, na san su, da su muke zuba shara a gida.

Ya fito daga ɗakin kaji da takalmin roba, da malafar a kansa. Da ya gan ni bai yi kamar ya yi mamaki ba. Ya cire malafar ya riƙe a hannu.

“Kai ne a bakin rafi ranar nan,” na ce.

“Ni ne.”

“Ka san ni kafin ka zo cocinmu.”

Ya ce in zo in ga wani abu tukuna, bayan haka in tambaye shi duk abin da nake so. Na bi shi ta bayan ɗakunan zuwa wani ƙaramin gida, ina lura da inda ƙofa take, wayata a hannu. Tun daga baranda na ji warin. Wanda ya yi aiki irin nawa ya san bambancin warin kaji da warin ciwo.

Wani tsoho ne kwance a kan gado kusa da taga, siriri, da Littafi Mai Tsarki na Hausa a gefen matashinsa. Ƙafarsa ta dama tana kan matashi, an naɗe ta da bandeji daga idon sawu zuwa ƙwauri, bandejin ya jiƙe. Asher ya ce wannan ne mahaifinsa, Baba Kumai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce ashe ni ce malamar, ya ce yaron nan ya hana a kawo ni wai kada in gudu.

Tsohon da kansa ya ba ni labari. Da ruwan farko kwatar da ke fitar da ruwan ɗakunan kaji ta toshe, shi kuma ba ya iya zama ya ga aiki. Ya shiga da fartanya ba takalmi, wani tsohon kwano ya yanke shi. Ƙaramin yanka ne, ya ce, ya sha samun wanda ya fi shi a gona. Mai kemis ya yi ta yi masa janta. Da abin ya ƙi aka kai shi wani ƙaramin asibiti, can ma aka ƙara masa ita da wasu. Ƙafar sai ci take yi. Yanzu ana maganar a kai shi Jos.

Muka fito muka tsaya a ƙarƙashin mangwaron, rafin yana gudu a ƙasanmu. Asher ya ce zai faɗa min gaskiya. Ya ce bayan na ɗebi ruwan, Anti Faustina ce ta zo har gona ta same shi. Ta ce masa 'yar yayarta ce take wannan binciken, kuma in aka rubuta cewa ruwan gonaki yana ɗauke da cutar da ba ta jin magani, za a rufe gonaki, za a bi sawu har shagon da ke sayar da maganin ba takardar likitan dabbobi. Ta ce yarinya ba za ta tona asirin gidan mijinta ba. Ta ba shi lambata, ta gaya masa cocinmu. Duk abin da na faɗa wa Mama, kafin yamma ya iso kunnensa ta bakin Anti.

Matar da ta goye ni.

“To kana sona ne, ko gadina kake yi?”

“Da farko gadi ne,” ya ce. Bai kau da ido ba.

“Yanzu fa?”

“In na ce so ne, ba za ki yarda ba, kuma ba ni da abin da zan nuna miki. Amma ba don gona nake ta tambayarki ba yanzu. Afiniki, abin da kika samu a ruwan nan, shi ne a ƙafar Baba? Maganin da nake zuba wa kaji ne ya jawo?”

Na so in ce a'a don ya samu sauƙi, na kuma so in ce e don ya ji abin da nake ji. Na ce masa ban sani ba, kuma babu wanda zai sani sai an ɗauki ruwan ciwon an gwada. Na ce abin da na sani shi ne ƙwayoyin rafin nan suna lalata janta, kuma ba zan ɓoye wannan don kowa ba. Ba ma sa sunan gona a rubutu, tun asali ba ma sawa, amma za mu faɗi yadda ake zuba magani ba ƙa'ida. Na ce ya roƙi likita a yi gwajin da zai nuna maganin da ciwon yake ji kafin a ƙara wata allura. Na gaya masa akwai maganin da ya kashe ƙwayoyin nawa a faranti, amma na ƙi faɗin sunansa, don na san gobe zai aika a sayo, kuma magani ne da yake iya taɓa ƙoda da ji in ba likita a kai.

Ya ce ya daina zuba wa kajin tun da ƙafar ta rikice. Na tuna fakitin nan masu sabon launi a buhu. Ya ce zai mai da ni gida da mota, na ce mai acabana yana jira.

Da la'asar na shiga gida na tarar da Anti Faustina a falo, ta sha leshi ruwan goro da gwaggwaro, ta baje atamfofi a kan kujera ita da Mama suna zaɓen wadda dangi za su ɗinka. Ta ce ga amarya, zo ki taɓa wannan ki ji. Ban zauna ba. A tsaye na faɗi komai, daga rafi har ƙafar Baba Kumai, har abin da Asher ya ce ta ce. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Mama ba ta dube ni ba, ƙanwarta take kallo. Anti ta fara cewa ai don alherina ta yi, yaron yana da hankali, yana da abin yi, ko ba binciken ma ai ya dace da ni. Ta ce in aka rufe shagonta wa zai riƙe gidan nan. Mama ta tashi a hankali, ta ninke atamfofin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora mata a cinya.

“Faustina, abin da nake faɗa miki a matsayin 'yar'uwata kike kwashewa kina kaiwa? Tafi da kayanki tukuna. Asabar ba mu da baƙi.”

Ban taɓa jin Mama ta yi mata magana haka ba. Anti ta miƙe, ta rungumi atamfofin, ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya. Ta ciro wayarta daga jaka tana latsawa.

“Ya ce miki ni na je na same shi, ko? To duba.”

Hotona ne. Ina sunkuye a bakin rafi da takalmin roba, kwalba a hannuna, an ɗauke ni daga tsallake. Daga lambar Asher aka turo mata, a ranar da na ɗebi ruwan. A ƙasa ya rubuta, “Madam, kin san wannan? Tana ɗiban ruwa a bayan gonata. Ki nemo min ko wace ce.”

Na karanta na sake karantawa. Ɗazu a ƙarƙashin mangwaro ya dube ni ido cikin ido ya ce zai faɗa min gaskiya, kuma wannan bai shiga cikin gaskiyar ba. Ko ya manta ne, ko ya zaɓi inda labarin zai fara, ko kuma su biyun kowa yana tura wa ɗan'uwansa ne, ban sani ba. Ina riƙe da wayar Anti tawa ta fara ƙara a aljihu. Sunansa ne a kai. Mama ta ce kada in ɗauka. Anti ta ce in ɗauka mana, in sa kowa ya ji.

Na ɗauka, na sa a kunnena ni kaɗai. Ba muryarsa ba ce. Numfashi ne mai nauyi, sai tsohon ya yi magana a hankali.

“'Yata, ni ne Kumai. Na karɓi wayar yaron, na ce ya fita waje. Gobe za su kai ni Jos. Ki nemi izini wurin malamarki, ki zo da safe ki ɗauki abin da za ki ɗauka a ƙafar nan kafin a taɓa ta. Na yarda, zan sa hannu. Amma ko me kika gani, ni za ki fara gaya wa. Kada ki gaya masa sai na shirya shi.”

Na kalli Mama, na kalli Anti da atamfofinta a bakin ƙofa. Na miƙa mata wayarta.

“To, Baba,” na ce. “Kada a canja bandejin sai na iso.”